Kofin Thunder ɗaya ne ko biyu? Daga kacici-kacici zuwa rigimar ƙaurar ƙungiyoyi da caca a NBA

Admin: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga kacici-kacicin wannan makon, wanda ya fara kawo amsa daidai yana da katin waya na naira dubu daga aljihuna. A NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kofi nawa ƙungiyar Oklahoma City Thunder take da shi? Ban da leƙa Google, Allah yana ganin kowa.

Ɗan Sabon Gari: Ɗaya! 2025, sun doke Indiana Pacers a wasa na bakwai. Admin, ina jiran katina.

Koci: Biyu ne. 1979 da 2025.

Ɗan Sabon Gari: Haba Koci, a 1979 ina aka san wata Thunder? Sai a 2008 aka raɗa mata suna.

Koci: Sunan ne sabo, ƙungiyar tsohuwa ce, ƙanena. An kafa ta a Seattle a 1967 da sunan SuperSonics. Ta ci kofi a 1979 a hannun Washington Bullets, wasa huɗu da ɗaya, Lenny Wilkens yana koci. A 2008 aka kwashe ta ɗungurungum aka kai Oklahoma, da 'yan wasanta da ma'aikatanta. Kevin Durant ma kakarsa ta farko a Seattle ya buga. Westbrook kuwa hular Sonics ya saka ranar da aka zaɓe shi, amma bai taɓa buga musu wasa a garin ba, kafin a fara kaka an tashi. A kundin tarihin NBA ƙungiya ɗaya ce.

Anti Houston: Koci, je ka Seattle ka faɗi haka a bainar jama'a, ka ga ko za ka dawo da hularka. Kofin 1979 yana nan a gidan tarihi na Seattle, bai bi su ba. Su kansu Thunder ba su rataya tutar 1979 a filinsu ba. Wanda bai yi iƙirarin abu ba, kai ne za ka ɗora masa?

Admin: To fa. Ni amsar da na rubuta na ajiye "biyu" ce, amma hujjar Anti tana da ƙarfi. Zan raba, kowa ɗari biyar. An rufe wannan babin.

Ɗan Sabon Gari: An cuce ni, amma na karɓa.

Ɗan Damagaram: Ni dai ku yi mini bayani, don ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, kwando sai sama-sama. Ta yaya mutum ɗaya zai ɗauki ƙungiyar gari sukutum ya kai wani gari? Wato wani attajiri ya sayi Kano Pillars yau, gobe a wayi gari ta koma Fatakwal da sabon suna da sabuwar riga? Ba za a kwana lafiya ba ai.

Baban Ummi: Malam na Damagaram, tambayarka ita ce gindin maganar, bari in ɗan tsawaita.

A ƙwallon ƙafa ƙungiya daga unguwa take tsirowa, ta hau ta sauka. In ta lalace ta faɗa gasar 'yan dagaji, wata ta hau gurbinta. NBA ba haka take ba. Kujeru 30 ne, ƙofa a rufe, babu hawa babu sauka. Abin da attajiri yake saya kujera ce a cikin talatin ɗin nan, tare da kasonsa na kuɗin talabijin. Garin da ya ajiye kujerar kuwa magana ce ta yarjejeniyar haya da amincewar sauran masu ƙungiyoyi. In mafi rinjayensu sun ɗaga hannu, an gama.

Dubi yadda ta Seattle ta kasance. Howard Schultz, mai Starbucks, ya nemi gwamnatin jihar Washington ta zuba kuɗi a filin KeyArena, wanda bai daɗe da shan gyara ba a 1995. Aka ƙi, domin jama'a sun riga sun biya kuɗin gina filaye biyu, na Mariners da na Seahawks, ƙungiyoyin wasu wasanni na garin, sun gaji. A 2006 ya sayar wa Clay Bennett da abokansa 'yan Oklahoma a kan dala miliyan 350. Bennett ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa ƙungiya ta zauna, ya kawo tsarin sabon fili na kusan dala miliyan 500 a Renton, kusa da Seattle, mafi yawa daga aljihun jama'a. Nan ma aka ƙi. Ana cikin haka ɗaya daga cikin abokan cinikin, Aubrey McClendon, ya faɗa wa wata jarida cewa su fa ba don su bar ta a Seattle suka saye ta ba. NBA ta ci shi tarar dala 250,000. A ganina ba don ya yi ƙarya aka ci shi tara ba, don ya faɗi gaskiya kafin lokacinta ne.

A watan Afrilun 2008 aka kaɗa ƙuri'a, 28 suka amince, biyu suka ƙi: Mark Cuban na Dallas da Paul Allen na Portland. Hayar fili tana da saura har 2010, gari ya kai ƙara kotu, ƙarshe aka sasanta a kan dala miliyan 45, aka bar wa Seattle suna da launin riga. Shekara 41 ta tafi a haka.

Ɗan Damagaram: Ikon Allah. To ko a Ingila an taɓa yin irin wannan?

Malamin Lissafi: An yi sau ɗaya da ya yi ƙaurin suna. Wimbledon ta koma Milton Keynes a 2003, ta zama MK Dons a 2004. Magoya baya suka yi fushi suka kafa AFC Wimbledon tun 2002, suka faro daga can ƙasa suna hawa har suka riski waccan a rukuni ɗaya. Mutanen Seattle ba su da wannan hanyar. Ko sun kafa ƙungiya, babu tsanin da za ta taka ta shiga NBA.

Ɗan Sabon Gari: Amma Baba akwai abin da bai shige ni ba. Seattle ta fi Oklahoma City girma da kuɗi nesa ba kusa ba, can ne gidan Amazon, Microsoft ma a gefenta take. Wane ɗan kasuwa ne zai bar babbar kasuwa ya koma ƙarama?

Baban Ummi: Wanda ya san cewa babban kuɗin ba a ƙofar fili ake karɓarsa ba. Kuɗin talabijin na ƙasa baki ɗaya raba daidai ake yi, ko kana New York ko kana Memphis. Sabuwar yarjejeniyar da aka ƙulla da Disney da NBC da Amazon ta shekara 11 ce, kusan dala biliyan 76. Ga kuma tsarin da manyan ƙungiyoyi suke tallafa wa ƙanana. Abin da ya rage ya bambanta gari da gari shi ne fili: wa ya gina, wa yake cin kuɗin ɗakunan manyan baƙi, wa yake cin kuɗin sunan da aka liƙa a jikin ginin. Oklahoma City ta riga ta gina fili da harajin jama'a, kuma ta gwada kanta lokacin da Hornets na New Orleans suka yi zaman gudun hijira a can daga 2005 zuwa 2007 bayan guguwar Katrina, fili yana cika. Kuma a can Thunder ce kaɗai babbar ƙungiya, babu kishiya.

Kada ka ɗauka an gama biya. A Disambar 2023 mutanen garin sun sake kaɗa ƙuri'a suka yarda da harajin saye da sayarwa don gina sabon fili na aƙalla dala miliyan 900. Masu ƙungiya nawa za su saka? Miliyan 50. Wanda bai taɓa kallon wasa ba ma, in ya sayi takalmi a garin ya taimaka.

Anti Houston: Baban Ummi, a nan zan ɗan saɓa maka. Kana magana kamar an yi musu fashi. Ƙuri'a suka kaɗa da hannunsu, kusan kashi 70 cikin ɗari suka ce e. Mutanen nan sun san abin da suke saya. Kafin Thunder, in an ambaci Oklahoma City a duniya, harin bam na 1995 ake tunawa. Yanzu yaro a Kano yana yawo da rigar Shai, tauraron Thunder. Wannan ma wani abu ne, ko da ba ya shiga lissafin akanta.

Baban Ummi: Hajiya, ban ce ba su ji daɗi ba. Cewa na yi zaɓin da aka ba su bai cika zaɓi ba. Sun san ta yadda suka samu ƙungiyar, saboda haka sun san ta yadda za ta iya barinsu. Masana tattalin arziki sun daɗe suna bincike a kan filayen nan, kuma bakinsu ya kusa zuwa ɗaya cewa kuɗin da gari yake zubawa ba ya dawowa ta hanyar ayyukan yi ko haraji. In gari ya ce ya ji ya gani, don alfahari zai biya, ba ni da ja. Abin da na ƙi shi ne a ce musu jari ne.

Anti Houston: Wannan na yarda. Amma mu a Houston ba mu da bakin zagin kowa, Rockets ɗin ma daga San Diego aka kawo mana a 1971. Da ba a kawo ba, da Hakeem Olajuwon bai ɗaga kofi biyu a nan ba, 1994 da 1995.

Koci: Ai in aka bi salsala kusan kowa baƙo ne. Lakers daga Minneapolis, 1960. Jazz daga New Orleans, 1979. Pistons daga Fort Wayne, 1957. 76ers daga Syracuse, 1963. Warriors daga Philadelphia, 1962. Grizzlies daga Vancouver, 2001. Kings kuwa yawon duniya suka yi: Rochester, Cincinnati, Kansas City, sannan Sacramento a 1985, kuma kofinsu ɗaya tilo tun na 1951 ne a Rochester. Clippers sun fi kowa rashin kunya, Donald Sterling ya kwashe su daga San Diego zuwa Los Angeles a 1984 ba da izinin kowa ba, aka ci shi tarar dala miliyan 25, ya kai ƙara, aka dawo da ita miliyan 6.

Ɗan Sabon Gari: Kun ga irin wannan ilimin nake faɗa muku. Koci, da abin da ke kanka, da kana buga tikiti da yanzu ka yi mota. Ni da ban kai ka sani ba ina ɗan samu. Shekaranjiya wasa ɗaya ne ya yanka mini tikitin wasa goma.

Ustazu: A'uzu billahi. Ɗan Sabon Gari, ka ji tsoron Allah. Caca ce, ko an kira ta da wane suna. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya a wuri ɗaya, ba ta bar wata kafa ba.

Ɗan Sabon Gari: Allah gafarta Malam, to katin da Admin ya raba mana fa? Shi ma ai hasashe muka yi aka biya mu.

Ustazu: Nawa ka saka kafin ka amsa? Ko sisi. Da ka faɗi, me za ka rasa? Babu. Kyauta ce daga mutum na uku a kan sani. Caca kuwa kowa yana ajiye nasa, wanda ya ci ya kwashe na wanda ya faɗi. Kada ka haɗa su.

Malamin Lissafi: Malam ya yi nasa ɓangaren, bari in yi nawa, don yaron nan ya ce yana "ɗan samu".

Ɗauki wasan da ƙarfi ya zo ɗaya, ko wanda kamfani ya daidaita da tazarar maki. Za ka ga an ba kowane ɓangare 1.91 ko kusa da haka, wato in ka saka naira 100 ka ci, a ba ka 191. Da adalci ake yi, 2.00 za a ba ka, tunda rabi da rabi ne. Wannan ɗan gibin shi ne abincinsu. Ma'anarsa sai ka ci fiye da 52 cikin kowane wasa 100 kafin ka dawo da uwar kuɗinka kawai, ba a zo maganar riba ba. A kowace naira 100 da ka saka, kusan naira 4 da rabi ta tafi tun kafin a jefa ƙwallo sama.

Yanzu tikitinka na wasa goma. Damar duk goman su shiga ita ce 1 cikin 1,024. Da gaskiya ake biya, naira 100 za ta kawo maka naira 102,400. Amma in ka ninka 1.91 sau goma, abin da zai fito kusan 646 ne kawai, wato naira 64,600. Kason kamfani ya tashi daga kashi 4 da rabi zuwa kusan kashi 37 cikin ɗari. Shi ya sa suke tallata dogon tikiti, shi ya sa suke ba ka garaɓasa in ka ƙara wasa. Kuma "wasa ɗaya ne ya yanka" ba alamar ka kusa ba ce. Damar tara su shiga ɗaya ya faɗi ta ninka damar cin duka sau goma. Haka aka tsara abin ya riƙa yi maka, don ka dawo gobe.

Ɗan Sabon Gari: Malam wannan lissafin na wanda yake zaɓe ido rufe ne. Ni ina bin labarai, na san wanda ya ji rauni, na san wanda ya buga jiya ya gaji.

Malamin Lissafi: Labarin da ya iso wayarka a Sabon Gari ƙarfe biyun dare, ya riga ya isa kwamfutar kamfani, an canza farashi. Sanin cewa Kings daga Rochester suka fito zai ci maka katin Admin, ba zai gaya maka ko za a huta da tauraro a daren Talata ba. Wanda yake da labarin da kamfani ba shi da shi, to daga cikin ɗakin sauya kaya ya samo, kuma wannan sunansa laifi.

Koci: Kamar Jontay Porter na Toronto Raptors. A Maris 2024 ya tsegunta wa 'yan caca halin lafiyarsa, ya shiga wasa da Sacramento ya yi mintuna kaɗan ya ce ba shi da lafiya ya fita. Wani ya saka dala 80,000 a kan cewa ba zai kai adadin da aka sa masa ba, yana jiran dala miliyan 1.1. Kamfani ya ga abin bai yi kama da gaskiya ba ya riƙe kuɗin. A Afrilu aka kore shi daga NBA har abada, daga baya ya amsa laifi a kotu. Kafin shi akwai alƙalin wasa Tim Donaghy, 2007, wanda aka yanke wa wata 15 a gidan yari. Abin da ya fi ba ni tsoro a matsayina na mai koyar da yara shi ne wannan cacar ta kan mutum ɗaya: maki nawa zai ci, ƙwallo nawa zai tsinto. Sayar da wasa gaba ɗaya sai an haɗa baki da mutane da yawa. Wannan kuwa mutum ɗaya ya dafe cinya ya ce ta riƙe, an gama.

Ɗan Damagaram: To wai me ya haɗa cacar da ƙaurar ƙungiyoyi? Na ga kamar mun bar hanya.

Baban Ummi: Ba mu bari ba, nan ne ma hanyoyin suka haɗu. A da, caca ita ce take hana gari samun ƙungiya. Lokacin da za a ba Toronto da Vancouver ƙungiyoyin da suka fara wasa a 1995, sharaɗin NBA shi ne sai lardunan Ontario da British Columbia sun cire wasanninta daga cacar wasanni ta gwamnati, kuma suka cire. Las Vegas kuwa an ɗauke ta kamar wurin da ba a zama. Ko da aka kai wasan taurari can a 2007, sai da aka yarda ba za a karɓi caca a kan wasan ba.

Sai David Stern ya sauka daga shugabancin NBA, Adam Silver ya hau a 2014. A watan Nuwamban shekarar ya yi rubutu a jaridar New York Times yana kira da a halatta cacar wasanni a sa mata doka. A Mayun 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar tarayya ta 1992 da ta hana yawancin jihohi, a shari'ar da jihar New Jersey ta ja. Ba a yi wata uku ba NBA ta ƙulla yarjejeniya da MGM, kamfanin caca. Zuwa 2021 an buɗe shagon caca a cikin filin da Washington Wizards suke wasa. Las Vegas, garin da a da ake gudu, yanzu shi ne yake karɓar gasar bazara ta sababbin 'yan wasa, can aka fara buga wasan ƙarshe na kofin tsakiyar kaka a 2023, kuma shi da Seattle ne kullum a bakin masu maganar ƙara ƙungiyoyi. Golden Knights na wasan ƙanƙara sun fara a 2017, Aces ta mata ta koma can daga San Antonio a 2018, Raiders na ƙwallon Amurka suka bar Oakland suka je a 2020. LeBron da bakinsa ya ce yana son ya mallaki ƙungiya a can.

Anti Houston: Ka manta da maƙwabtanmu na Dallas. A Disambar 2023 Mark Cuban, wanda ka yaba ɗazu don ya ƙi ƙaurar Sonics, ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa na ƙungiyar Dallas ga iyalan Adelson da Dumont, masu kamfanin gidajen caca na Las Vegas Sands. A Texas ba a halatta cacar wasanni ba, kuma kowa ya san suna kashe kuɗi sosai wajen neman 'yan majalisa su buɗe ƙofar gidajen caca. Da aka tura tauraronsu Luka Doncic Lakers a Fabrairun 2025, rabin garin cewa suka yi da gangan ake son a kashe ƙungiyar a kai ta Vegas.

Malamin Lissafi: Anti, wannan zargi ne na masu jin haushi. Masu ƙungiyar sun fito sun musanta, kuma lissafi ma bai goyi bayansa ba. Dallas tana cikin manyan kasuwannin talabijin biyar na Amurka, Vegas ba ta kusa. Burinsu su kawo caca Texas, ba su kai ƙungiya inda caca ta riga ta cika ba.

Anti Houston: Ban ce na gaskata ba, Malam. Abin da nake nunawa shi ne mutane sun daina yarda. Bayan abin da aka yi wa Seattle, duk mai ƙungiyar da ya rantse ba zai tashi ba, ana tuna cewa Bennett ma ya yi alkawari.

Ɗan Sabon Gari: To ni a ganina Seattle da Vegas duk za su samu, kowa ya huta. Har na ga kamfanin caca yana bayar da od a kai.

Admin: Ɗan Sabon Gari, na goge abin da ka turo. Dokar zaure ta hana tallar kamfanin caca, ko da wasa. Gargaɗi na farko ke nan.

Ustazu: Allah ya saka da alheri, Admin. Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, amma shagon da yake cikin aljihun yaro wa zai rufe shi? Iyaye su riƙa duba wayoyin 'ya'yansu.

Baban Ummi: Komawa kan maganar ƙarin ƙungiyoyi, ba za a "huta" da sauƙi haka ba, kuma dalilin shi ne abin da nake son ku riƙe. Seattle da babu ƙungiya ta yi wa masu ƙungiyoyi amfani ƙwarai. A 2013 Chris Hansen da Steve Ballmer sun ƙulla cinikin Kings don su kai ta Seattle. Magajin garin Sacramento, Kevin Johnson, tsohon ɗan wasan Phoenix, ya tashi haiƙan ya haɗo masu saye ƙarƙashin Vivek Ranadivé, gari ya yi alkawarin zuba kuɗi a sabon fili, aka kaɗa ƙuri'a 22 da 8 aka hana ƙaura. Fili ya buɗe a 2016. A Milwaukee, da aka sayar da Bucks a 2014 a kan dala miliyan 550, an sa sharaɗin cewa in ba a samu sabon fili ba NBA tana da ikon saye ƙungiyar. Kowa ya san inda za ta nufa. Wisconsin ta fitar da dala miliyan 250 na jama'a, aka buɗe fili a 2018, tauraronsu Giannis ya kawo kofi a 2021. Garuruwa biyu sun buɗe baitulmali saboda tsoron gari ɗaya da yake zaune babu kowa. Ranar da aka cike Seattle da Vegas, da wane gari za a riƙa tsorata sauran?

Malamin Lissafi: Amma Yallaɓai akwai ɗaya gefen. Kuɗin shiga na sabuwar ƙungiya masu ƙungiyoyi 30 ne suke rabawa, 'yan wasa ba su da kaso a ciki. Na ƙarshe da aka karɓa shi ne na Charlotte Bobcats da suka fara wasa a 2004, dala miliyan 300. Yanzu an sayar da Celtics a kan biliyan 6.1, an yi wa Lakers ƙima biliyan 10, duk a 2025. Mu ƙaddara kowace sabuwa ta biya biliyan 6, misali nake yi. Biliyan 12 a raba 30, kowa ya tashi da miliyan 400 a hannu. Abin da zai rasa shi ne kasonsa na talabijin ya sauka daga ɗaya cikin 30 zuwa ɗaya cikin 32, har abada. Mai niyyar sayarwa nan da shekara biyar zai ce a kawo kuɗi. Mai niyyar bar wa jikoki zai yi jinkiri. Rigimar tsakaninsu take, ba tsakaninsu da magoya baya ba.

Baban Ummi: Daidai. Kuma lura, a duk lissafin nan naka babu layin da aka rubuta "an zalunci Seattle, a mayar musu".

Koci: Ko da yake Seattle ta ba da amsa a aikace. KeyArena ɗin da aka ce ba ta da amfani, kamfani mai zaman kansa ya rushe cikinta ya bar rufin, ya sake ginawa da kuɗinsa sama da dala biliyan ɗaya, aka buɗe a 2021 da sunan Climate Pledge Arena. Warriors ma da kuɗinsu suka gina nasu a San Francisco a 2019, Ballmer, mai Clippers, ya gina musu nasa a Inglewood a 2024. Ashe ana iyawa.

Anti Houston: Ana iyawa a garin da mai ƙungiya ba ya son bari. Ballmer ba zai yi wa Los Angeles barazanar tafiya ba, wa zai yarda? Memphis da New Orleans ne ba su da wannan gatan.

Ɗan Damagaram: Tambaya ta ƙarshe daga ɗalibi. Seattle da Vegas duk a yamma suke, ko? In an ƙara su, yamma 17, gabas 15. Yaya za a yi?

Koci: Ƙungiya ɗaya za ta koma rukunin gabas ba tare da ta motsa daga garinta ba, a zama 16 da 16. Uku ake ambata: Memphis, New Orleans, Minnesota. Ni Memphis nake gani, tana gabas da kogin Mississippi, kuma zamanta a yamma gadon Vancouver ne kawai.

Malamin Lissafi: A'a Koci, ba taswira kaɗai ake dubawa ba, ana duba maƙwabta. Memphis tana da New Orleans da Dallas da Oklahoma City da Houston kusa da ita, duk 'yan yamma. Minnesota fa? Waɗanda suka fi kusa da ita Milwaukee da Chicago ne, duk a gabas, amma an haɗa ta rukuni ɗaya da Portland da Utah da Denver. Su ne suka fi shan wahalar jirgi, su ya kamata a sauƙaƙa wa.

Koci: In aka kai Anthony Edwards, tauraron Minnesota, gabas, masu ƙungiyoyin gabas ne za su fara ƙin sa hannu.

Anti Houston: Mu kuwa a yamma har filin jirgi za mu raka shi.